Hangen Dala ba shiga birni ba: yadda fim ke sa mutum kwaɗayin ƙasar da bai taɓa takawa ba

Duk wanda ya tashi a Maradi wajajen 1997 zuwa 2000 ya san gidan bidiyo irin na unguwa, zaure ne ko rumfar kwano da aka toshe kafofinta da buhu, benci huɗu ko biyar, tele ɗaya bisa tebur, mai gidan yana bakin ƙofa yana amsar dala biyar-biyar. Namu a Mokoyo yake. Ban manta wata rana ba cikin watan Afrilu, zafin nan da ko kaza sai ta buɗe baki, mun cika ɗakin har wasu na zaune ƙasa, gumi na bin bayan kowa, aka sa fim ɗin Indiya. Can tsakiya waƙa ta taso, kawai sai ga saurayin da yarinyar bisa wani tsauni fari fat da ƙanƙara, daga gindin tsaunin kuma ciyawa ce kore shar iya ganinka, shanu manya-manya da ƙararrawa a wuya, gidajen katako da furanni a taga, ruwa na gangarowa daga dutse ba mai tare shi ba mai ɗiba. Ɗakin ya yi tsit. Wani babban mutum da ke bayana, mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, ya ce a hankali kamar da kansa yake: "Allah ka kai mu Indiya ko da kwana guda ne." Muka ce amin, kuma har zuci muka faɗa.

Sai bayan shekaru na gane wurin da muka yi ma amin ɗin ba a Indiya yake ba. Suwizalan ce, wadda mu nan muke ce ma Suwis, tsakiyar Turai. Kuma yadda aka yi tsaunukan Suwis suka shiga finafinan Indiya har suka iso zauren Mokoyo labari ne da ya kamata mai kallo ya sani, don a cikinsa ne za ka ga yadda abin nan yake aiki tun daga tushe.

Da can masu fim na Bombay idan suna son tsauni da ƙanƙara da tafki, Kashmir suke zuwa, can arewacin ƙasarsu. An ɗan taɓa leƙa Turai tun da wuri, Raj Kapoor ya ɗauki wasu sassan Sangam na 1964 a Suwis da Paris da Venis, amma wannan tsada ce da ba kowa ke iyawa ba. To daga 1989 sai rikici ya ɓarke a Kashmir, bindiga ta ko'ina, ba darakta mai hankali da zai kwashi jaruma da ma'aikata ɗari ya kai su can. Sai aka nemi wurin da ya yi kama da Kashmir kuma ba harbi, kuma hukuma ba ta wahalar da kai wajen ba da izini. Wanda ya fi kowa riƙe wannan hanya shi ne Yash Chopra, ya yi Chandni a 1989, ya yi Darr a 1993, sannan ɗansa Aditya ya ba da umarnin Dilwale Dulhania Le Jayenge a 1995, fim ɗin Sharukan da Kajol da ba na jin akwai gidan bidiyo a ƙasar Hausa da bai sa shi ba har kaset ya gaji. Ƙauyukan da muka gani a ciki suna nan da sunayensu, Saanen, Gstaad, Zweisimmen, gada da coci da tashar jirgin ƙasa duk na gaske ne.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. Daidai lokacin nan ne tattalin arzikin Indiya ya fara buɗewa, masu albashi suka yi yawa, yaran da suka kalli fim ɗin suna 'yan lakwal suka girma suka yi aure, kuma ango idan ya tambayi amarya ina za mu je hutu, amsa ɗaya ce. Suka dinga kwarara Suwis. Su kuma mutanen Suwis 'yan kasuwa ne na gaske, ba su tsaya kallo ba, suka buɗe gidajen abincin Indiya har bisa tsauni, a kan dutsen Titlis aka kafa hoton Sharukan da Kajol don baƙi su tsaya gefensa a ɗauke su, garin Interlaken ya naɗa Yash Chopra jakadansa a 2011, bayan rasuwarsa kuma aka kafa mashi mutum-mutumi na tagulla a garin a 2016, yana riƙe da kyamara. Ka ga ƙasar da ba ta yi fim ɗin ba, ba yarenta ake yi a ciki ba, ita ta ci ribarsa shekara da shekaru.

Da sauran ƙasashe suka ga haka sai abin ya tashi daga dace ya koma shiri. Sipaniya ta ba da haɗin kai aka yi Zindagi Na Milegi Dobara a 2011, abokai uku suna yawo cikin mota daga gari zuwa gari, wasan jifa da tumatir, gudu gaban bijimai a Pamplona, nutso a teku, fim ne mai daɗi amma idan ka cire labarin abin da ya rage tallan ƙasa ne na awa biyu da rabi. Niyu Zilan ta yi haka da The Lord of the Rings tsakanin 2001 da 2003, gonar tumaki ce kusa da garin Matamata aka gina ƙauyen fim a cikinta, yau mutane daga ko'ina suna biyan kuɗi su shiga su ga ƙofofin gidajen da ba wanda ya taɓa kwana ciki. A shekarun baya Abu Dabi ta riƙa mayar ma masu fim kashi 30 cikin 100 na kuɗin da suka kashe a ƙasar, shi ya sa ka ga mota tana tashi daga wannan bene ta faɗa wancan a Furious 7 na 2015. Tom Cruise ya rataya jikin Burj Khalifa cikin wani fim na 2011, gini mai tsawon mita 828 da ba a daɗe da buɗe shi ba, duniya duka ta san Dubai ta yi gini. Shi kansa Sharukan daga baya hukumar yawon buɗe ido ta Dubai ta ɗauke shi yana yi mata talla kai tsaye. Saboda haka idan ka ga wuri ya yi kyau a fim fiye da kima, yana da kyau ka tambayi kanka wa ya biya kuɗin kyan nan.

Sannan ita kanta kyamara tana da dabarunta, kuma ba sihiri ba ne, duk wanda ya taɓa raka masu ɗaukar biki ya ga ɗan abin. Ba a ɗaukar fili da tsakar rana, ana jira sai hantsi bai ɗaga ba ko la'asar sakaliya, lokacin da rana ta kwanta haske ya yi laushi, ko bola ce sai ta yi kyau a wannan lokaci. Ana tare titi a kori motoci da masu talla, a share, wani lokaci har a jiƙa kwalta da ruwa don ta riƙa walƙiya. Idan akwai turken wuta ko kwata a gefen dama sai a karkata kyamara hagu, abin da bai shiga hoto ba kamar babu shi ne a duniya. Bayan an gama a kai kwamfuta a ƙara ma kore kore, a ƙara ma shuɗi shuɗi. Yanzu kuma ga ɗan jirgin nan mai kyamara da ake tuƙawa da hannu, yana nuna maka gari daga sama yadda ko mutanen garin ba su taɓa ganinsa ba, daga sama kuwa ba ka jin wari, ba ka jin hayaniya, ba ka ganin mai bara. A ƙarshe a ɗora kiɗa. Kiɗan nan shi ne rabin aikin, ka gwada kashe sauti ka kalli waƙar da ta fi burge ka, za ka ga tsaunin ya koma tsauni kawai.

Wani lokaci ma wurin gaba ɗaya aro ne. Fim ɗin The Message na Moustapha Akkad, na 1976, wanda iyayenmu suka kalla suna hawaye, Makka da Madinar da ke ciki gina su aka yi, an fara a Maroko aka ƙarasa a Libiya. Garin Warzazat na Maroko ya zama Masar, ya zama Kudus, ya zama tsohuwar daular Rum a finafinai daban-daban, Gladiator na 2000 ma an ɗauki wani sashensa a ƙauyen Ait Ben Haddu da ke kusa da can. Mai kallo yana ɗauka ya ga ƙasa kaza, alhali wata ƙasar ce ta sa rigarta.

Amma duk wannan bai isa ya bayyana shirun da zauren nan ya yi ba. Ni a ganina akwai abin da ya shafe mu mu kaɗai, mutanen Sahel. Wata takwas a shekara idonmu ba ya ganin kore sai na dogon yaro da 'yan lambunan bakin gulbi, gulbin kansa sai damina yake kawo ruwa, sauran lokaci rairayi ne yara ke ƙwallo a ciki. Kuma tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa Aljanna gonaki ce masu inuwa da ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinsu. To mutumin da aka raina da wannan siffa, yana zaune cikin zafin da ya haura digiri 40, ka nuna mashi ruwa yana zuba daga dutse cikin ciyawa, me kake jin zuciyarsa za ta ce? Bature idan ya ga tsaunin Suwis hutu yake tunawa. Mai gyaran keken nan abin da ya gani ya fi hutu nisa, shi ya sa addu'a ta fito daga bakinsa ba tambaya ba. Kuma abin ya juya, don su Turawan da suka gaji da ruwan sama da hazo hamadarmu ce ke yi masu haka, zan dawo kan wannan.

Yanzu zamanin kaset ya wuce, kowane yaro da gidan bidiyonsa cikin aljihu, ana tura fim daga waya zuwa waya a wurin masu caji, Indiya-Hausa da fassara, na Koriya, na Turkiyya. Na Turkiyyan nan su ne suka fi kama mutane a 'yan shekarun nan, kuma ba mu ne farko ba. A 2008 tashar MBC ta sa wani shiri na Turkiyya da aka fassara da Larabcin Siriya aka sa mashi suna Noor, Larabawa suka haukace a kansa, suka dinga zuwa Santanbul neman gidan nan na bakin ruwan Bosforus da aka yi shirin a ciki. Sai shirin Ertugrul, wanda tashar gwamnatin Turkiyya TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019, shi kuma ya kama Musulmi ta wata jijiya daban, dawaki, takubba, salla cikin tanti, dattijo mai wa'azi, har mutane suka fara ziyarar kabarin shi Ertugrul ɗin na tarihi a garin Sogut. A fadarmu akwai lokacin da ba a kammala shayi na biyu ba a yi gardamar shirin nan ba, kuma daga gardamar labari sai a zarce zuwa "wallahi in na samu kuɗi Turkiyya zan fara zuwa".

Wani ɗan kawuna ya samu, ya je. Ɗan kasuwa ne, yana sayar da jallabiyoyi da takalma da kayan yara, da can Kano yake sari, da jari ya ɗan yi ƙarfi sai ya bi ayarin masu zuwa Santanbul. Ya hau bas zuwa Yamai, sama da kilomita 600, ya kwana, ya hau jirgi. Kwana tara ya yi. Da ya dawo na je yi mashi barka da zuwa, muna zaune a kantinsa ana buɗe dila, na ce "Yaya, to ya Turkiyyar, ka ga wuraren?" Ya yi dariya ya ce "Ƙanena, wane wurare? Tun da munka sauka muna Laleli, unguwar 'yan sari, daga wannan shago zuwa wancan, ƙarƙashin ƙasa ma wasu suke, ka yi ciniki da kalkuleta don ba ka jin su ba su jin ka, ka ɗauki kaya a ka zuwa wurin masu awo, dare ya yi ka koma ɗaki mu huɗu, sanyi kamar ya tsaga ƙashi." Ya ce a unguwar Aksaray ya ga yaranmu baƙaƙen fata, wasu na tura kaya a amalanke, wasu na tallan agogo da turare a bakin titi suna waige-waigen 'yan sanda saboda takardunsu sun ƙare, ya yi magana da wani ya ji Hausa ce a bakinsa, yaron ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Ruwan Bosforus da gadar nan da ake nunawa a farkon kowane shiri, sai ranar da zai taho ya gan su, awa biyu kafin mota ta kai su filin jirgi.

Ba ƙarya fim ya yi mashi ba, gadar tana nan, ruwan yana nan, masallatan suna nan kuma ya ce sun fi yadda ake nuna su kyau. Abin da fim bai gaya mashi ba shi ne inda shi zai tsaya a cikin hoton. Nan ne gaba ɗaya maganar take a wurina. Idan kana kallo, kai ne jarumi, da idonsa kake gani, kai ne ke zaune a barandar gidan bakin ruwa ana kawo maka shayi a ɗan kofin gilas, kai ne ke tuƙa motar a titin Dubai. Ba wanda ya taɓa kallon fim ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya goge barandar kafin a kunna kyamara. Amma ranar da ka sauka da fasfo ɗinka kore da sefa a aljihu, garin ne zai zaɓa maka matsayi, kuma Hausawa sun riga sun faɗa, giwa a garin wani zomo ce. Masu zuwa Dubai sari za su gaya maka haka, rayuwarsu a unguwar Deira take, kasuwar Naif da lungunanta, dogon benen sai dai hange daga tagar taksi. Masu kai marar lafiya Indiya su ma haka, mutum ya tafi da tsaunin ƙanƙara a ka ya sauka Delhi a watan Mayu ya tarar da zafin da ya baro a gida yana jiransa, ga hayaƙi ga cunkoso.

Sannan ko ƙofar shiga ba ɗaya ba ce. Yaron Faransa ko na Japan idan fim ya burge shi, ya tara kuɗin wata biyu ya sayi tikiti ya tafi, ƙasashe da yawa ba sa ma tambayarsa biza. Kai kuwa idan Suwis ɗin nan kake so, bizar Shengen ce ta shiga ƙasashen Turai, kuɗin neman ta kaɗai yuro 90 tun 2024, wajen jika 59 ke nan, ban da takardar banki da inshora da shaidar otel da hujjar cewa za ka dawo, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko dala. Fim ɗaya muka kalla da shi, kwaɗayi ɗaya ya shiga zukatanmu, nashi ya zama hutun sati biyu da hotuna, naka ya zauna a ƙirji ba inda za shi. Kwaɗayin da ba shi da ƙofa kuwa yakan nemi taga.

A nan sai in yi hattara, don ba na cikin masu cewa fim ne ke kai yaranmu hamada. Mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, ba waƙar Indiya suka bi ba, yunwa ce ta fitar da su daga gida. Ci-rani ya girmi sinima a ƙasar nan, kakanninmu sun je Gwanja fataucin goro ba su taɓa ganin tele ba. Abin da fim ke yi shi ne ya ba tafiyar fuska. Talauci ne ke cewa tashi, hoto kuma ya nuna maka gabas ko arewa, ya sa wahalar hanya ta yi kama da abin da ke da ƙarshe mai daɗi, tun da kowane fim da ka taɓa gani jarumi yana shan wuya ne kafin ya isa.

Abin da ke ba ni mamaki, manyan masu fim na Nijar sun hango wannan tun kafin a haife mu. Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, saurayi ya dawo daga waje da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da bindigogi, ya raba ma abokansa, suka hau dawaki suka fara yi ma ƙauyensu abin da suka gani a sinima har abin ya kai ga jini. Kafin shi, a Moi, un noir na Jean Rouch, 1958, Oumarou Ganda ya fito a matsayin ɗan ci-rani mai aikin ƙarfi a unguwar Treichville ta Abijan, shi da abokansa sun laƙaba ma kansu sunayen jaruman finafinan Amurka da Faransa, da rana dako, da dare mafarki. Shi Gandan ne daga baya ya ci babbar kyautar farko ta FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Waɗannan mutane sun san abin da allo ke yi ma zuciyar saurayi, sun kuma mayar da kyamarar ta kalli abin. Yaranmu nawa ne suka taɓa ganin finafinan nan? A wayoyinsu akwai Santanbul da Seoul da Mumbai, babu Alassane. A 2023 wani Ba'italiye, Matteo Garrone, ya yi Io Capitano, yara biyu 'yan Senegal da suka biyo ta Agadas da Libiya suna neman Turai, ga hamada ga gidan azaba ga kwale-kwale, shi ma dai ban ga yana yawo a wurin masu tura fim kamar yadda na soyayya ke yawo ba.

Su ma wuraren da fim ya ɗaga ba kullum suke jin daɗi ba. Gaɓar Maya a Tailan, inda aka yi The Beach na DiCaprio a 2000, tun wajen ɗauka aka baje tudun rairayi aka dasa itatuwan kwakwa don wurin ya ƙara kama da yadda darakta ke so, bayan fim kuma jiragen ruwa suka dinga sauke dubban mutane kullum har halittun ruwan suka mutu, dole gwamnati ta rufe wurin a 2018, ba a sake buɗewa ba sai farkon 2022. Tafkin Pangong na Ladak a arewacin Indiya, sama da mita 4,000 bisa tsauni, wurin da ba kowa ke zuwa ba, da 3 Idiots ya ƙare a bakinsa a 2009 sai ga tantuna da shara da babura masu launin rawaya an jera don masu ɗaukar hoto.

Na ce zan dawo kan hamada. Akwai lokacin da mu ne hoton da wasu ke kwaɗayi. Bernardo Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa na 1990, wanda Faransawa suka sani da Un thé au Sahara, a cikin tsohon garin Agadas, har yau ana nuna ma baƙo gidan mai burodin da aka yi ɗauka a ciki. Tseren motoci na Paris-Dakar yana bi ta hamadar Tenere ana nuna ma duniya a tele, Turawa suna sauka Agadas lokacin sanyi, maƙeran azurfa da direbobi da masu raƙuma suna cin abinci. Tawaye da sace-sacen mutane suka kashe wannan kasuwa, duk da UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, da hasumiyar masallacinsa ta laka mai mita 27. Ke nan ba kyan wuri muka rasa ba.

Abin da ke ci mani rai shi ne namu finafinan na Hausa, dandalin soyayya kamar yadda muke ce masu nan, kusan duka a falo ake yin su, kujeru manya, labule, gidan wani Alhaji da aka ara, sai lambun otel idan za a yi waƙa. Na san dalili, fita da ma'aikata waje kuɗi ne, ga matsalar tsaro a dazuzzuka, ban raina ƙoƙarinsu ba. Amma sakamakon shi ne yaro ya tashi ya san kamannin gadar Bosforus bai san tafkin Madarunfa ba, wanda ke nan kudu da mu tafiyar da ba ta kai awa guda a babur, da tsuntsayensa da masunta da kaburburan waliyyai 99 da ake ba da labari. Bai san an kawo raƙuman dawa daga Kure zuwa gandun Gadabeji a 2018 ba, cikin jiharsa. Bai taɓa ganin gonar gero a watan Agusta da la'asar an ɗauke ta da irin kulawar da ake ɗaukar ciyawar Suwis ba, da gawo tsaye a tsakiya da hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ko hawan sallar Tibiri daga sama. Idon da aka koya ma cewa kyau yana wani wuri, ko ya taka kyau a gida ba zai duba ƙasa ba. Ni ban ce kada kowa ya so ganin duniya ba, ni ma ina so, tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma tsaunin nan da na gani a zauren Mokoyo har yau yana raina.

Ranar da na je kantin ɗan kawun nan nawa, kafin in tashi ya ciro waya ya nuna mani hotunan tafiyar. Hoto goma sha wani abu ne, duka a awa biyun nan na ƙarshe aka ɗauke su. Ga shi tsaye da sabuwar jaket, bayansa ruwa shuɗi da jirage da gada, ga wani yana riƙe da ɗan kofin shayi, ga wani a harabar babban masallaci tantabaru na tashi. Babu Laleli, babu ɗakin mutum huɗu, babu yaron da ya riƙe hannunsa. Na ce "Yaya, ina na shagunan ƙarƙashin ƙasa?" Ya ce "Haba, wa ke ɗaukar wannan?" Ɗaya daga cikin hotunan ya sa a fuskar WhatsApp ɗinsa, har yau shi ne a kai. Yaron kantinsa, ɗan shekara goma sha bakwai, yana tsaye bayanmu da almakashin yanke igiyar dila a hannu ya daina aikin yana leƙen wayar, sai na ji ya ce "Alhaji, in za ka koma don Allah ka tahi da ni, ko kaya ne in riƙa ɗaukar maka."